Ɗigo, Allura ko Ƙugiya: Abubuwan Mamaki Kan Buɗe Ido Kafin a Cire Yana

Kafin likita ya kai ga yanar ido, sai ya buɗe ƙofar da za a fito da ita. Wannan ɗan aiki na share fage, wanda majiyyaci ba ya ko lura da shi, yana da hanyoyi da dama, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin mai araha da mai tsada ta isa ta sa mutum ya riƙe baki. Ga abin da ya kamata manomin Funtuwa da Malumfashi ya sani, shi da ɗan da zai raka shi asibiti.

Inda yanar take

Da yawa a ƙauyukanmu sun ɗauka yana wata fata ce da ke tsirowa a kan ido, likita ya kankare ta. A gaskiya a ciki take. Akwai wani ɗan gilashi na halitta, faɗinsa milimita 9 zuwa 10, zaune a bayan baƙin ido, shi ne tsufa ko ciwon suga ko bugu ke dusarwa har ya yi fari. Ɗigon nan na tsakiyar baƙin ido kuwa rami ne, ƙofar da haske ke shiga. Da rana tsaka tana tsukewa ta koma milimita 2 ko 3, cikin duhu ta buɗe har 7 ko 8 a idon matashi. To ga fitilar tiyata mai tsananin haske za a dalla mata, ita kuwa ɗabi'arta ta rufe in ta ga haske. Likita yana son ta kai aƙalla milimita 6, ta kuma tsaya haka har a gama. Wanda ya taɓa fito da damin dawa ta bakin ƙaramin rumbu ya san wahalar da ake gudu.

Tsoka biyu, magani biyu

Tsoka biyu ke riƙe da ƙofar. Ɗaya zobe ce mai tsuke ta, ɗaya kuma zare-zare ce mai janta waje. Shi ya sa ake haɗa magani biyu: tirofikamaid ya saki zoben, fenilefirin ya zaburar da mai ja.

Ranar aikin ido za ka tarar da tsofaffi jere a benci, kowanne da ɗan filasta a saman girar idon da za a yi wa aiki. Nas tana bi da kwalabe biyu a hannu da ƙullin auduga.

"Baba, ɗaga kai, dubi rufin ɗaki."

"To, 'yata."

"Zai yi ɗan zafi. Kada ka murza, Baba, rufe idon kawai."

Ta kai ƙarshen benci ta dawo farko. Sau uku ko huɗu za ta zagayo, da tazarar 'yan mintuna, sannan ta bi su da tocila tana leƙa wanda ya buɗe da wanda ya ƙi. Abin yakan ci rabin awa zuwa awa guda. Wannan ita ce hanya mafi daɗewa, kuma har yau babu wadda ta kai ta araha a kuɗin magani. Kwalbar mililita 5 tana ɗauke da ɗigo 100 ko fiye, ta ishi benci guda har da saura. A Ingila kuwa yawanci kowane majiyyaci da ɗan mazubinsa da ake jefarwa bayan amfani, don gudun kada bakin kwalba ya taɓa gashin idon wani ya kai wa wani cuta. Tun daga nan lissafinsu ya rabu da namu.

Ɗigo ɗaya ma ya fi abin da ido zai iya riƙewa. Wanda ya zuba biyu a jere, na biyun a kumatu zai ƙare. Ragowar kuma tana bin wata 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, shi ya sa mutum ke jin ɗaci a maƙogwaro. Ta nan magani ke shiga jini, kuma fenilefirin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari yana iya ɗaga hawan jini, don haka ake ba tsofaffi da masu ciwon zuciya mai kashi biyu da rabi. Danne kusurwar idon da yatsa na minti ɗaya ko biyu yana rage wannan, kuma ko sisi ba ya ci.

Idonmu ya fi na Bature gardama

Sinadarin launin da ya sa baƙin idonmu ya yi duhu yana kama maganin ya riƙe. Saboda haka ido mai duhu ya fi jinkirin buɗewa, wani lokaci ma ba ya buɗewa kamar shuɗin ido ko mai ruwan toka. Tsufa na ƙara tsuke ƙofar, ciwon suga da ya daɗe shi ma haka. Duk lissafin mintuna da kuɗi da aka yi a kan idanun mutanen Turai, sai an sake auna shi a kan idon tsohon Bakori kafin a ce ya zauna.

Zaƙami da masu girbin masara

Zaƙamin nan mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, wanda ke fitowa a juji da gefen gona, yana ɗauke da atirofin da danginsa, wato sinadaran da suka fi kowanne ƙarfin buɗe ƙofar ido. A yankin noman masara na Amurka, likitoci sun rubuta labarin manoma da ke zuwa asibiti da ido ɗaya a buɗe wangam, kwana da kwanaki ya ƙi komawa. Irin wannan alama takan tsorata likita, don tana iya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ashe injin girbi ne ke niƙe ɗan'uwan zaƙami tare da karan masara, ƙurar ta faɗa ido. Tun shekarun 1960 aka san abin a can. Mai noma a Ɗandume ko mai sussukar waken suya a Ƙafur, in ya tuge zaƙami da hannu ya murza ido, abin da zai same shi ke nan. Kada wannan ya sa wani ya ce ga magani kyauta a bayan gida. Ganye ba shi da ma'auni, kuma kowa ya ga yadda zaƙami ke mayar da yaran da suka sha shi.

Maganin feshi kuma akasin haka yake yi. Fiya-fiya da danginta na magungunan ƙwari, in suka shiga jikin mutum da yawa, ƙofar ido takan tsuke ta koma ɗan tsigil, ga yawu ga gumi. Makarin da ake yi wa mutum allurarsa a asibiti shi ne atirofin ɗin nan dai.

Waken Kalaba

Maganin farko da aka samu na tsuke ƙofar ido daga Najeriya ya fito. Wani wake ne mai dafi da mutanen Kalaba ke ba wanda ake zargi da maita. 'Yan mishan suka kai shi Edinbura ta Sukotilan, inda Thomas Fraser da Argyll Robertson suka nuna tasirinsa a kan ido a 1863. A 1876 Ludwig Laqueur ya fara amfani da shi wajen rage hawan ruwan ido.

Mai araha da ke cin mako biyu

Atirofin na ɗigawa ba shi da tsada, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tun ƙarshen ƙarni na 18 likitocin Jamus suka fara tunanin amfani da ganyen da ake samunsa kafin aikin yana. Matan Italiya ma an ce da shi suke ƙara wa idonsu kyau a da. Matsalarsa ita ce in ya kama ba ya saki da wuri, yana iya kai mako ɗaya zuwa biyu. Tirofikamaid kuwa awa huɗu zuwa shida ya sake. Mutumin da aka ɗiga wa atirofin a idon da yake gani da shi, ba ƙirga kuɗi, ba karatun allo, ba fita rana sai da runtse ido. In a tsakiyar damina ne, noman mako biyu ya tafi, kuma ba wanda zai rubuta wannan a rasit.

Lagwanin auduga

An gwada wata dabara a Kanada da Ingila da Indiya: a jiƙa ɗan siririn lagwani na auduga ko soso da haɗin magungunan, a saka shi ƙarƙashin fatar ido ta ƙasa, a bar shi. Sakamakon ya yi daidai da na ɗigawa sau da yawa, nas kuma sau ɗaya ta taɓa majiyyaci. Kamfanin Théa na Faransa yana sayar da haja mai irin wannan tunani: wata 'yar ƙwaya mai suna Mydriasert da ake ajiyewa a wuri ɗaya tana sakin magani a hankali, a cire ta kafin aiki. Ta fi lagwani tsafta da daidaiton ma'auni, ta kuma fi shi tsada nesa ba kusa ba. Garin da sunansa ya tafi da auduga kamar Funtuwa, ya dace asibitocinsa su san wannan dabara, amma da audugar asibiti da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a hannun ma'aikaci.

Allurar da ba ta jira

A 2003 wasu likitoci biyu na garin Umeya a Suwidin, Lundberg da Behndig, suka nuna cewa in aka zuba maganin kai tsaye cikin ido bayan an yi ɗan tsagin farko, ƙofar takan buɗe ƙasa da minti guda. Ba benci, ba zagaye. A 2015 Turai ta amince da Mydrane, haɗin tirofikamaid da fenilefirin da maganin kashe zafi, wanda ake zuba kashi ɗaya cikin biyar na mililita. Amurka kuma a 2014 ta amince da Omidria, wanda ake zubawa cikin ruwan wanke ido don kada ƙofar ta tsuke ana tsakiyar aiki. Lokacin da ya fito, kuɗin 'yar kwalbarsa ɗaya, ta majiyyaci ɗaya, dala 465 ne. A Nefal, inda Dakta Sanduk Ruit ya shahara da aikin yana na talakawa, kayan aikin ido guda gaba ɗaya kusan dala 25 ake lissafa su.

Likitocin ƙasashe irin namu sun daɗe da nasu maganin wannan matsala. Adiranalin, allurar da ba a rasa ta a kowane ɗakin tiyata, ita ake tsarmawa ƙwarai cikin ruwan wanke ido, ta riƙe ƙofar a buɗe. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Haɗarinta a hannun mai haɗawa yake: in ya kuskure ma'auni, ko ya ɗauki wadda ke da sinadarin adanawa da yawa, fuskar ido ta gaba tana iya yin hazo. Abin da kamfanoni ke sayarwa da tsada, rabinsa wannan kwanciyar hankali ce, cewa an riga an haɗa a masana'anta.

Wa ya fi araha, kuma a ina?

Nan ne zancen ya fi nauyi. Lissafin da aka yi a Ingila ya nuna allura tana iya fin ɗigo araha, duk da kwalbarta ta fi tsada. Dalili shi ne a can kowane minti na nas da na ɗakin tiyata kuɗi ne mai yawa, in aka cire awa guda ta jira, an ci riba. Mai karanta irin wannan bincike ya riƙa duba wanda ya biya kuɗin yin sa, sannan ya tambayi kansa ko albashin nas a Malumfashi ya yi kama da na Landan.

A wurinmu kuɗin wani wuri yake zuba. Tsoho ba ya zuwa shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota biyu ke nan zuwa da dawowa, ga abinci, ga kwana. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Shika ya fi Katsina kusa. Na Malumfashi yakan bi ta Dayi da Gwarzo ya faɗa Kano, ko asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, ko na Makka da ke nan Kano. Mai babbar matsala sai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutumin Faskari ko Sabuwa kuma yana da wani lissafin da Bature bai san shi ba: in la'asar ta yi masa a asibiti, hanya ta rufe sai gobe, saboda halin tsaron da ake ciki. Awa ɗaya da aka ɓata don ido ya ƙi buɗewa tana iya zama kwana ɗaya da kuɗinsa.

Duk da haka, a ganina ɗigo ne ya fi dacewa da mu. In mutum hamsin suka taru ranar aikin ido kyauta bayan kaka, nas ɗaya tana buɗe ido goma a lokaci guda, likita na aiki a kan wani, ba wanda ke jiran wani. Abin da ake bukata tsari ne: a fara ɗigawa da wuri, maganin ya zama na gaske wanda bai lalace da zafin shago ba, a sa adiranalin a ruwa. Allura ta zauna a gefe don idon da ya tsuke ana cikin aiki.

Abin da ya fi komai tsada shi ne a kutsa ta ƙofar da ba ta buɗe ba. Yawancin aikin yana a Arewa da hannu ake yin sa, ta ƙaramin tsagi, kuma sai an fito da ƙwayar yanar ɗungurungum ta cikin ƙofar. In ta yi ƙunci, siririyar jakar da za ta riƙe sabon gilashin da ake sakawa a madadin yanar tana iya yagewa, ruwan kaurin bayan ido ya biyo. Daga nan sai ƙarin magani, ƙarin zuwa, wataƙila tafiya Kaduna, wataƙila kuma ganin bai dawo yadda ake so ba. Mutum ɗaya da ya koma ƙauye a haka ya isa ya hana goma zuwa.

Maganin fitsari da ake ɓoyewa

A 2005 likitoci biyu a Amurka, David Chang da John Campbell, suka gano dalilin da ya sa baƙin idon wasu maza ke yin laƙwas ana cikin aiki, yana kaɗawa yana leƙowa ta tsagi, ƙofar kuma tana ta tsukewa. Kusan biyu cikin ɗari na waɗanda suka yi wa aiki ne. Abin da ya haɗa su shi ne tamsulosin, maganin da ake ba dattawa masu wahalar fitsari. Yana sakin tsokar mafitsara, ya kuma saki ta ido, kuma daina shansa kafin aiki ba ya tabbatar da an tsira, ko da an daɗe da dainawa. Dattijon Bahaushe ba zai so ya yi zancen fitsari gaban nas sa'ar jikarsa ba, balle gaban ɗansa. Sai dai wannan kunya tana iya cin ido. In faɗa ya yi nauyi, a zuba duk magungunan da ake sha a leda a miƙa wa likita, ya karanta da kansa.

Ƙugiya da zobe

Idon da ya ƙi jin magani sai ƙarfe ko roba. Akwai 'yan ƙugiyoyi na nailan, sirara ƙwarai, da ake sakawa ta ƙananan huji huɗu ko biyar a gefen ido. Kowace ta kama bakin ƙofar, likita ya ja ta a hankali ya danne da ɗan maɓallin roba, sai ƙofar da take da'ira ta koma mai kusurwa huɗu. In an gama a zare su ɗaya bayan ɗaya. A 2007 Boris Malyugin na Masko ya fito da wani zobe mai lanƙwasa huɗu da ake turawa ta tsagin aikin, ya buɗe ƙofar zuwa milimita 6.25 ko 7. Ya fi ƙugiya sauri, amma kuɗinsa ya haura dala 100, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Wanda ba shi da ko ɗaya yakan miƙe ƙofar da ƙarafa biyu, ko ya ɗan tsattsaga bakinta da almakashi, abin da kan bar ta a karkace har abada. Ba kowane ido ke bukatar ƙugiya ba, amma asibitin da ke aikin yana ba tare da ko saiti ɗaya a aljihun tebur ba, ya bar majiyyatansa ga sa'a.

Tsada ba ta dawwama. Gilashin roba da ake sakawa a madadin yana, wanda Harold Ridley ya fara dasawa a Landan ranar 29 ga Nuwamba, 1949, ya daɗe yana kai dala 100 ko fiye. Da masana'antar Aurolab ta buɗe a Madurai ta Indiya a 1992, sai ya faɗo ƙasa da dala 10. Yanzu Indiyawa sun fara ƙera nasu zoben buɗe ido.



 

Wanda ba ya bukatar ɗigo ko kaɗan

Mai ture yana na gargajiya ba ruwansa da buɗe ƙofa. Tsinke yake sokawa ta gefen farin ido ya tura yanar ta faɗa ciki, kuma har gida yake zuwa. Dakta Mansur Rabi'u na Cibiyar Ido ta Kaduna ya duba mutum 1,461 masu shekara 40 zuwa sama a ƙauyuka 15 na Arewa, ya wallafa a 2001: kashi 4 cikin ɗari na masu bukata ne suka samu aikin asibiti, kashi 18 suka je wurin mai turewa, kuma kashi 61 sun ce kuɗi ne ya hana su zuwa asibiti. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya samu yana ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta a Najeriya. Cikin idanun da aka taɓa saboda yana, kusan kashi 43 ture su aka yi, kuma kashi 73 na waɗannan makafi ne lokacin da aka duba su. Kowace naira da asibiti ya ɗora a kan kuɗin aiki don sayen kwalba mai tsada, wani tsohon take turawa hannun mai tsinke.

Bayan an ɗiga

Ko duba ido kawai aka yi aka ɗiga maganin, gani na kusa zai dushe, rana kuma ta yi zafi a ido na wasu awanni. Kada a hau babur a tuƙa, a nemi baƙin tabarau ko malafa. A wasu mutane ƙalilan, buɗe ƙofar yana toshe hanyar fitar ruwan ido. Alamarsa ciwo mai tsanani, jan ido, ciwon kai da amai, da ganin zobba masu launi kewaye da fitila. Wanda ya ga haka ya koma asibiti a daren, domin cikin kwana ɗaya ko biyu jijiyar gani na iya lalacewa.